Tsohuwar Burslem da 'yan dabbobinta na tangaran

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta labarin nan kullum sai aiki ya sha kaina, yau dai nace ko ba tsari sai na zauna na rubuta, don duk sanda aka tambaye ni ya aikin kula da tsofaffi yake a Ingila amsa ɗaya nake bayarwa, gajiya da sanyi da ciwon baya, kuma wallahi duk akwai su, amma akwai wani ɓangaren da ban taɓa ba kowa ba in ka cire maigidana da Ummata.

Ni 'yar Malumfashi ce, aure ya kai ni Kaduna. A 2022 maigidana ya samu gurbin karatun digiri na biyu muka tattara da yaranmu biyu muka taho wani gari wai shi Stoke-on-Trent, yana tsakanin Manchesta da Bamingam, garin da ko sunansa ban taɓa ji ba sai a bakin ƙannena masu kallon ƙwallo. Shi tunda ɗalibi ne awa 20 kawai doka ta yarda ya yi aiki a sati, ga haya ga ragowar kuɗin makaranta, dole ni na fita nema. Na samu aiki a wani kamfani da ke tura mu gida-gida wajen tsofaffi, ki tashe su ki yi musu wanka ki ba su magani da abin kari, ki rubuta abin da kika yi a waya ki ruga ki kama bas zuwa gida na gaba.

Garin kansa sai da na zauna na gane ba gari ɗaya ba ne, garuruwa shida ne aka haɗe su a 1910, Tunstall, Burslem, Hanley, Stoke, Fenton da Longton, kuma dukkansu da abu ɗaya aka san su, tangaran. Farantai, kofuna, butocin shayi, tayil, har masai irin na zama. Suna da yumɓu suna da kwal a ƙarƙashin ƙasarsu shi ya sa sana'ar ta kafu a nan. In kina tafe a bas za ki riƙa hango wasu gine-ginen jan bulo masu ƙaton ciki da siririn wuya kamar kwalba, tanderun gasa kayan ne na da, a da sun kai dubbai hayaƙi ya rufe gari har rana ba a gani sosai, yanzu waɗanda suka rage a tsaye ba su kai 50 ba kuma ba a hura ko ɗaya, tun bayan dokar hana gurɓata iska ta 1956 aka koma gas da lantarki. Burslem ita suke ɗauka uwar sauran, a nan aka haifi Josiah Wedgwood a 1730. Amma ranar da na fara shiga cikinta abin da na gani shaguna ne a rufe a jere, manyan gine-gine masu kyau ciyawa ta fito a saman su.

A Burslem ɗin aka ba ni gidan wata tsohuwa, shekararta 83 a lokacin, ita kaɗai a ɗan gidan nan nasu na jan bulo da suke manne da juna, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta tana wani gari sai ƙarshen sati take zuwa. Dokar aikinmu ta hana faɗin sunan wanda kake kula da shi don haka Kaka zan kira ta, dama haka nake kiranta a raina. Gigin tsufa ya fara kama ta, irin wanda likita ya tabbatar ciwon ƙwaƙwalwa ne. Da farko mun sha fama, ba ta son wanka ba ta son magani, kullum sai ta tambaye ni wa ya aiko ni, wani lokacin in na buɗe ƙofa da sassafe sai na same ta a tsaye ta ɗora kot a kan rigar barci da jaka a hannu wai ta makara, za a rufe get a yanke mata kuɗi. Ni kuma ga minti talatin kacal aka ba ni a gidan.

A falonta akwai wata kabet mai gilashi hawa huɗu cike taf da 'yan mitsi-mitsin dabbobi na tangaran, kowanne bai fi babban yatsa ba. Kurege, zomo, bushiya, mujiya, giwa, dorina, raƙumi, raƙumin dawa, jakin dawa, rago, kunkuru, karnuka kala-kala, yawanci launin zuma ne da toka-toka da ɗan kore a ƙasan ƙafa, suna ta sheƙi. Ni da na tashi na ga jeren kakata, kwalla da samira da tangaran tun daga ƙasa har kusa da rufin ɗaki, wanda ba mai taɓawa sai ranar da za a sauke a wanke a mayar, na san me kabet irin wannan take nufi a wajen mace, don haka ko kusa da ita ba na zuwa.

Wata safiya cikin Nuwamba ta ƙi maganin ƙememe ta tafi falo, na bi ta na tarar ta buɗe kabet ɗin ta ɗauko bushiya, sai ta yafito ni tace zo nan yarinya, ba ni hannunki. Ta kama yatsana ta bi da farcena ta gefen bushiyar tun daga hanci har baya, tace kin ji? Na ji wani ɗan layi siriri ya ɗan taso, wanda ido ba zai gani ba. Tace wadda ta gyara wannan sauri take yi, aikin yammacin Juma'a ne. Ta mayar ta ɗauko kurege ta sake bi da farcena, sumul ba komai, tace wannan nawa ne. Ko nata ne ko ba nata ba Allah ne masani don miliyoyi aka yi, amma yadda fuskarta ta canja, matar da minti biyar baya ba ta san ko wace rana ba ce ga ta tana min bayani dalla-dalla kamar malama a aji. Tana cikin magana na miƙa mata maganin da ruwa ta haɗiye ba ta ma kula ba.

Daga ranar na samu ƙofar shiga wajenta. Kullum sai na ce Kaka wanne za mu duba yau, ta zaɓi ɗaya mu tafi da shi banɗaki a ajiye a bakin taga, ina cuɗa ta tana ba ni labari. Abin da ta faɗa a gutsuttsure 'yarta ta cike min, sauran na nema na karanta da kaina da daddare don abin ya shiga raina.

Kamfanin sunansa Wade, sunan zuri'ar da ta kafa shi. Tun 1867 'yan gidan suke sana'ar a Burslem, kuma ba kamfani ɗaya ba ne, 'yan uwa ne kowa da nasa, wani na yin butocin shayi da kayan ado, wani na yin tayil, wani kuma wato George Wade da ɗansa suna yin ƙananan tangaran na masana'antu, irin waɗanda masaƙun auduga na yankin Manchesta ke sa wa injinansu zare ya bi ta kai, da na fitilun gas, daga baya da na kayan lantarki da ke hana wuta jan mutum. A 1905 suka saye kamfanin abokin gasarsu Henry Hallen wanda asalinsa ke komawa 1810, shi ya sa za ki ga suna rubuta 1810 a matsayin shekarar kafuwa. Ɗan, shi ma George sunansa, an haife shi a 1891, ya je yaƙin duniya na farko ya dawo da lambar yabo, shi ne ya tattaro kamfanonin iyayensa da baffanninsa a hannunsa, a 1955 aka ba shi sarautar Sir, a 1958 aka haɗe su duka suka zama kamfani ɗaya. Ya kuma buɗe wata masana'antar a Portadown can Ailan ta Arewa. Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba, Kanar kawai take cewa.

To wajen da ya fi taɓa ni a tarihin shi ne yadda 'yan dabbobin suka samo asali. Ba wai wani ne ya zauna yana nishaɗi ya ƙirƙiro su ba, matsi ne. A farkon shekarun 1950 odar kayan lantarkin nan ta ja baya, ga injina a tsaye ga ma'aikata da iyalansu, sai 'yar Kanar ɗin, Iris Carryer, ta kawo shawarar a yi 'yan ƙananan dabbobi da yara za su iya saye da kuɗin kashewarsu. Uban ya saurari 'yarsa. Injin da ke matsa garin yumɓu ya fitar da kayan lantarki shi aka sa wa mazubin ƙarfe mai siffar dabba, aka sa musu suna Whimsies aka kai su baje kolin kayan masana'antun Birtaniya a 1954. Kwalin farko guda biyar ne a ciki, barewa tana tsalle, doki, kurege, da karnuka biyu ɗaya da ƙwallo. Kasuwa ta karɓa. Ni dai duk sanda na tuna sai na ce da kamfanin na masu hannun jari ne da ke zaune a Landan mai yiwuwa sallamar mutane za a fara yi kafin a yi tunanin kurege, amma mutumin da sunan gidansu ke jikin get ɗin kuma a garin yake kwana ya san idon da zai kalle shi gobe.

A shekarar ce Kaka ta cika 15, lokacin shekarun barin makaranta ke nan a ƙasar, ta bar aji ranar Juma'a gwaggonta ta riƙe hannunta ranar Litinin ta kai ta masana'antar da ke titin Greenhead. Aikin da ta fara shi ne gyara. Dabba in ta fito daga inji ɗanya ce ba a gasa ba, kuma inda ƙarafan biyu suka haɗu sai ya bar ɗan tudu a gefe, shi za ki bi da 'yar wuƙa ki kankare ki shafe da jiƙaƙƙen soso, in kika matsa da yawa kunne ya ɓalle in kika yi sako-sako layi ya rage. Da dozin ake biyan su, iya yawan da kika yi iya kuɗinki. Daga baya aka mayar da ita teburin masu fenti, mata a jere kowa da farantin katako cike da dabba iri ɗaya, wannan ta sa kore a ƙasa waccan ta sa baƙi a hanci, ita nata ido ne, ɗigo biyu, tace in hannunki ya yi rawa zomo sai ya fito da fuskar mugunta. Sai a sa ruwan ƙyalli a shigar wuta, tangaran kuwa sai zafi ya haura digiri 1200 yake nuna. Farar ƙasar da ake haɗawa daga Cornwall ake kawo musu can kudu maso yamma, kuma da na bincika irinta ce ake haƙowa a Ƙanƙara maƙwabtanmu, na tashi ina ganin motoci ɗauke da buhunanta suna wucewa, abin ya tsaya min a rai ƙwarai da na ga abin da wasu suka gina da ita.

Ba zan ce komai daɗi ne ba don ita ma ba ta ce ba. Mata sun fi yawa a teburan amma kuɗinsu bai kai na maza ba. Ƙurar yumɓu tana cin huhu, cuta ce da duk garin aka san ta, mijinta da ya yi aiki a wata masana'antar daban ita ta kwantar da shi, tace shekarunsa na ƙarshe a zaune yake barci. Yatsunta na dama duk sun lanƙwashe. Amma da kuɗin idon zomo ta biya rabin gidan da nake zuwa ina mata wanka a ciki.

Ta tsaya da aiki da ta fara haihuwa sannan ta koma, don a 1967 wani kamfanin shayi na Kanada mai suna Red Rose ya fara saka dabba ɗaya kyauta a cikin kowane kwalin shayi, jerin farko kala 32, yara su takura wa iyaye sai wannan shayin, in an buɗe a ga wanda ake da shi sai a yi musaya da maƙwabta. A 1983 abin ya shiga Amurka. Kamfanin shayin da kansa ya ce waɗanda aka raba sun haura miliyan 300. A gida Ingila ma an dawo da su a 1971 aka yi ta fitarwa har 1984, kala 60, kowanne da ɗan kwalinsa, yawancin na kabet ɗin Kaka na wannan zubin ne, in kin juya ƙasansu za ki ji layi-layi, a baya kuma an rubuta Wade England ƙanana. Takan ce aikinta ya je Kanada ya je Amurka ita kuwa iyakarta bakin tekun Rhyl, inda suke zuwa in an rufe masana'antu gaba ɗaya na sati biyu lokacin zafi, duk garin ya kwashe ya tafi hutu a lokaci guda.

A hawan ƙasa na kabet ɗin akwai wasu manya guda biyar, asusu ne masu siffar alade sanye da kaya, bankin NatWest ya riƙa ba yara daga 1983, in ka buɗe ajiya a ba ka jaririn, kuɗinka na ƙaruwa ana ba ka na gaba har ka kai fam 100 a ba ka uban. Wade ne suka yi mafi yawansu. Su kam raina bai taɓa kwanciya da su ba, haka ma da na ji cewa a shekarunsa na baya-baya babban abin da ya riƙe kamfanin tulunan giya ne da ya riƙa yi wa kamfanonin Sikotilan. Na faɗa ne don kar na ba ku rabin labari.

Kanar ya rasu a 1986 yana da shekara 94, ɗansa Tony da ya gaje shi ya bi shi a 1987, cutar sankarar jini, a 1989 wani kamfani mai suna Beauford ya saye, shi ke nan ya fita daga hannun zuri'ar duk da sunan ya zauna. Kaka ta ƙara 'yan shekaru ta ajiye aiki. An kafa ƙungiyar masu tara kayan Wade a 1994, manya ne yanzu waɗanda suka taso da su suna yara, aka yi ta yi musu na musamman. A 2010 aka rufe masana'antar Wade ta ƙarshe a Burslem aka koma sabuwa a Etruria nan cikin gari, filin aka sayar don gina gidaje.

Sai ga Disambar 2022, ina tsakiyar sabawa da ita. Wanda yake Ingila a hunturun nan ya san me ake ciki, yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, mu a gida sai yara sun dawo makaranta muke kunna hita na ɗan lokaci mu kashe, to ina ga mai tanderun da ke ci dare da rana. A farkon watan aka ji Wade ya durƙushe, sama da mutum 100 suka rasa aiki ana saura 'yan makonni Kirsimeti. 'Yarta ta kira ni a waya tana kuka tace don Allah kar na bari ta ga labarai kar kuma na gaya mata. Washegari na buɗe ƙofa ga Kaka da kot da jaka, ta makara. A horon da aka ba mu an ce kar ki yi musu da mai irin wannan ciwon, ki bi shi a inda yake, amma ni kuma ba na son na riƙa shirga wa tsohuwa ƙarya kullum safiya. Na tsaya na kalle ta nace Kaka yau ba aiki, an rufe. Tace au, hutu ne? Nace zo ki zauna ki sha shayi. Ta cire kot ɗin da kanta. Daga nan kullum abin da nake faɗa mata ke nan, yau ba aiki, kuma ban taɓa faɗa ba tare da na ji wani abu ya tokare min maƙoshi ba.

Da ƙaramar sallah ta 2023 wata 'yar Sudan maƙwabciyarmu ta yi min lalle, baƙi da ja, zane har wuyan hannu. Na je aiki da shi, ina cire safar hannu bayan wanka Kaka ta cafke hannuna ta ja ni bakin taga wajen haske. Ta daɗe tana kallo, ta bi layukan da ɗan yatsanta mai lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ta juya tafin ta duba ɗige-ɗigen da ke kan yatsu, tace wa ya yi miki? Nace wata ƙawata. Tace da buroshi? Nace a'a da 'yar leda ake matsowa. Tace kuma ba ta zana da fensir tukuna ba? Nace a'a. Ta girgiza kai tace hannunta ba ya rawa, ki ce ta zo ranar Litinin zan yi wa mai kula da teburinmu magana, za a ɗauke ta. Da na gaya wa maƙwabciyar tawa sai da ta yi hawaye, don ita a ƙasarsu malamar zane ce, a nan kuwa shara take yi a wani ofis, kuma a satin ne yaƙi ya ɓarke a Khartum tana ta neman 'yan uwanta a waya. Wannan ita ce magana mafi tsawo da Kaka ta yi da ni a kan wani abu da ba na zamanin da ba, kuma tun daga ranar ta daina tambayata wa ya aiko ni, sai dai tace ga mai zanen hannu ta zo.

Jikin ya ci gaba da ja baya kamar yadda ciwon yake yi. Magana ta ragu, sunayen dabbobin suka ɓace mata, har 'yarta ta daina ganewa, amma in kika sa mata ɗaya a tafin hannu babban yatsanta sai ya tafi gefe yana neman layin nan. Ko biskit na ba ta sai ta shafa gefensa tukuna. A farkon 2024 ta faɗi aka kai ta asibiti ba ta dawo gidan ba.

Bayan an yi jana'iza 'yarta ta kira ni na taya ta kwashe kaya. Ta riga ta kai hotunan kabet ɗin wajen masu sayen tsofaffin kaya, abin da suka gaya mata ya ɓata mata rai sosai, wai yawancinsu fam ɗaya ne zuwa biyu kowanne don sun yi yawa a duniya, duk kasuwar 'yan gwanjo ta ranar Lahadi za ki same su a kwano, sai 'yan na farkon nan na shekarun 1950 in suna da kwalinsu ba su kuma guntule ba su ne ke ɗan kuɗi. Tace aikin uwata na shekara da shekaru ke nan, fam ɗaya. Nace mata ni a ganina ai don haka aka yi su, don yaron da ba shi da komai sai 'yan sulallansa ya shiga shago ya fito da abu na tangaran na gaske nasa na kansa, kuma arhar ce ta sa aka yi miliyoyi, miliyoyin ne suka riƙe mata irin mamanki a bakin aiki. Ban san ko ta gamsu ba amma ta fasa sayarwa, ta raba wa jikoki da 'ya'yan maƙwabta, ta sanar da ofishinmu kamar yadda doka ta ce sannan ta ba ni guda shida, cikinsu har da kuregen da bushiyar.

Na san wasu za su tambaya don ni ma na tambayi kaina, ya hukuncin ajiye siffar abu mai rai a gida. Maigidana ya tambayi malamin masallacinmu, yace jera su a matsayin ado shi ne abin da malamai suka hana, amma kayan wasan yara akwai sauƙi a ciki, ya kawo hadisin Nana Aisha da 'yan tsananta har da doki mai fukafukai wanda Manzon Allah SAW ya gani ya yi dariya. Don haka ban jera su ba, suna cikin gwangwanin alewa tare da kayan wasan 'yata, ita take fito da su ta yi musu gida da kwali, raƙumin ma tuni kunnensa ɗaya ya tafi.

Yanzu na bar bin gidaje, ina aiki a gidan kula da tsofaffi a ɓangaren Longton, kuma kusan duk wanda aka kawo in ɗan garin ne tambayar da nake fara yi masa ita ce wace masana'anta ka yi, me kake yi a ciki. Wata kofuna take manna wa mariƙi, wata zinare take ja a bakin faranti, wasu a Royal Doulton suka yi kafin a rufe ta Burslem a 2005, wasu a Dudson da ita ma ta zuri'a ɗaya ce tun 1800 har ta faɗi a 2019. Dukkansu in aka kawo abinci sai sun ɗaga farantin sun leƙa ƙasansa su ga wa ya yi, har miya ta zube, ni ma yanzu na kama. Akwai wani dattijo da ba ya yi wa kowa magana, fayil ɗinsa an rubuta ba ya son hulɗa, ashe yana yaro a tanderun kwalbar nan ya fara, su ne masu ɗaukar akwatunan yumɓu da ake jera kaya a ciki, wani ya kai kilo 25, a ka suke ɗauka su hau tsani da shi har sama, da gammo da suke naɗawa da tsofaffin safar mata su cusa cikin hula. Nace masa mu ma da gammo muke ɗaukar ruwa, na naɗa tawul na ɗora kwandon wanki a kai na tafi har ƙarshen baranda ba hannu. Ya kira ni yace wuyana daidai yake amma ina saurin taku, a kan tsani ba a haka. Na roƙi manajarmu a ƙara layi ɗaya a takardar da muke cikewa in an kawo sabon mutum, na aikin da ya yi da inda ya yi shi, ta yarda, an fara tun watan jiya.